Ku Tambayi Mai Ɗaura Faranti: Me Ya Sa Intanet ɗin Ƙauye Ya Fi na Cikin Gari Gudu?

Assalamu alaikum. Wasiƙu huɗu na ware a wannan makon, dukkansu a kan sabon farantin intanet ɗin nan mai kusurwa huɗu da ya fara yawa a saman rufin gidajen Kaduna. Na daɗe ina hawa rufin mutane, tun zamanin manyan kwandunan talabijin da sai an haɗu mutum uku kafin a ɗaga. A duk abin da na taɓa ɗaurawa, wannan ne aka fi yi wa gurguwar fahimta, kuma gurguwar fahimtar tana cin kuɗin mutane.

TAMBAYA: Injiniya, barka da aiki. Ina da shagon kwamfuta a Tudun Wada, muna yi wa yara rajistar jarrabawa da buga takardu. Bara na sayi farantin intanet na tauraron ɗan'adam. Da safe gudu kamar me, amma da an idar da sallar isha'i sai ya yi sanyi har wajen sha ɗayan dare. Ƙanena yana aiki a wani asibitin karkara can bayan Soba, farantinsa irin nawa ne sak, shi kuwa dare da rana duk ɗaya. An ce in sauya rauta, wato na'urar da ke raba intanet a cikin shago, na sauya. Yanzu an ce in sayi babban faranti. In saya?

AMSA: Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Rautarka ta farko ma ina kyautata zaton lafiyarta ƙalau. Abin da ke damunka ba ya cikin shagonka, ba ya kan rufinka. Yana can sama, inda ake rabon abin da kowa zai samu.

Zan yi misali da Starlink, domin shi ya fi yawa a nan, kuma bayanansa a fili suke. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ya fara aiki a cikinta, a Janairun 2023. Yawancin taurarinsa suna shawagi ne a tazarar kilomita 550 daga ƙasa ko kusa da haka, wato bai ma kai nisan Kaduna zuwa Legas a miƙe ba. Idan tauraro guda ya zo daidai saman Kaduna, yana hango kilomita 900 da ɗoriya ta kowace fuska. Sakkwato, Maiduguri, Kalaba, Legas, duk suna ƙarƙashinsa a lokaci ɗaya. To a nan ne mutane ke kuskure. Suna ɗauka tunda yana hango ko'ina, to yana watsa intanet ko'ina, kamar yadda Rediyon Kaduna ke watsa shiri kowa ya murɗa ya kama. Rediyo ai magana ɗaya take yi wa kowa, ko mutum goma ke saurare ko miliyan goma. Intanet kuwa kowa da nasa saƙon. Kai rajistar yaro kake turawa, maƙwabcinka ƙwallo yake kallo, kuma dole a kai wa kowa nasa daban.

Saboda haka tauraron kamar mai gadi yake a saman bene da tocila mai tsinin haske. Yana ganin unguwar duka, amma inda ya haska ne kawai ke da haske. Mu a bakin aiki bim muke ce wa wannan tsinin. A nan zan riƙa cewa haske, ko da yake igiyar rediyo ce, ido ba ya ganinta.

Domin a san inda za a haska, kamfanin ya yanka doron ƙasa gida-gida, kowane gida mai kusurwa shida kamar saƙar zuma, faɗinsa wajen kilomita 24. Ni fangali nake kiransu, don duk wanda ya taɓa shiga lambu a bakin Kogin Kaduna da rani zai gane nan take. Fangalin ba ya motsi, yana nan a ƙasa inda aka shata shi. Taurarin ne ke wucewa, kowanne ya shayar da fangulan da aka ba shi, ya wuce, na bayansa ya karɓa. In ka yi lissafi, Najeriya kaɗai za ta ba da fangali wajen 2,000, kuma babu tauraron da ke da tocila 2,000. Don haka yadda mai lambu ke yi da inji ɗaya haka ake yi: ya buɗe wa wannan fangali ruwa, ya toshe, ya juya wa na gaba. Bambancin kawai, juyawar tauraro tana faruwa ne cikin ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, shi ya sa kai a ƙasa kake ganin kamar ruwan bai taɓa yankewa ba. Kwamfutocin kamfanin ne ke tsara wane tauraro zai haska wane fangali, da tsawon lokacin da zai tsaya a kansa. Fangalin da ke da jama'a ana daɗewa a kansa, wanda babu kowa ba a ɓata masa haske.

Za ka ce, to a ƙara wa fangalin Kaduna ruwa mana. Ana ƙarawa, amma akwai iyaka, kuma iyakar ita ce amsar tambayarka. Zangon igiyar rediyon da ake sauko da saƙo zuwa farantinka daga gigahaz 10.7 ne zuwa 12.7, an raba shi tashoshi 8. Taurari biyu ba za su haska fangali ɗaya a kan tasha ɗaya a lokaci ɗaya ba, sai su dagula wa juna, kamar masu lasifika biyu a fili guda. Fangulan da ke maƙwabtaka ma sai an bambanta musu tasha ko lokaci. Ke nan kowane fangali yana da iya abin da zai iya sha, ko taurari nawa ne a sama.

Yanzu dubi garin nan. Daga Kawo zuwa Sabon Tasha bai cika kilomita 24 ba. Rigasa, Tudun Wada, Malali, Unguwar Rimi, Barnawa, Kakuri, duk cikin fangali ɗaya ne ko biyu, in ya yi yawa uku. Kowane otal, kowane ofis, kowane gidan da ke da faranti a wannan tsakanin, daga kwano ɗaya kuke ci. Da safe yara suna makaranta, manya suna kasuwa. Bayan isha'i kowa ya dawo gida ya kunna bidiyo, dambu ya yi yawa, ba ya jin mai. Ƙanenka kuwa, mai yiwuwa faranti nawa ne a fangalinsa duka ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Kwanon nasa ne kusan shi kaɗai.

Kamfanin da kansa bai ɓoye wannan ba. A ƙarshen 2024 ya dakatar da karɓar sababbin masu rajistar gida a Legas, Abuja, Fatakwal da wasu biranen, haka ma a Nairobi ta Kenya, ya ce wuri ya cika. A lokacin, alƙaluman NCC, hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, sun nuna masu amfani da shi a ƙasar nan sun haura 60,000, kuma mafi yawansu a birane suke cunkushe. Faranti na nan jibge a shago, abin da ya ƙare shi ne gurbi a fangali.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu musamman. Hanyar da yawancin taurarin ke bi a karkace take, digiri 53, don haka sun fi cunkusuwa a saman ƙasashe irin su Ingila da Jamus, suna yin tsilli-tsilli idan sun nufo tsakiyar duniya. Kaduna tana wajen digiri 10 da rabi ne arewa da layin da ya raba duniya biyu. Taurarin da ke samanmu a kowane lokaci ba su kai na saman Landan ba.

Ga abin da za ka yi. Kwana uku a jere, ka gwada gudun a manhajar wayarka bayan sallar asuba, ka sake gwadawa da tara na dare, ka rubuta a takarda. In na asuba yana da kyau kullum, kayanka lafiya lau, cunkoso ne. Babban faranti yana hango sama da faɗi, ya fi jure ruwan sama, amma ba ya ƙara wa fangali ruwa. Abin da ke sauya matsayinka a layi shi ne irin rajistar da ka yi, domin ta 'yan kasuwa ana gabatar da ita a kan ta gida idan wuri ya matse, ta masu yawo da faranti kuma ita ce a baya. Sai ka auna ko cinikin dare ya kai ya biya bambancin. In da ni ne, manyan ayyuka irin sauke manhajoji da sabunta kwamfutoci sai in mayar da su asuba. In kuma faiba, wato wayar intanet da ake binnewa a ƙasa, ta iso layinku, in ja ta, in bar farantin ya zama na ko-ta-kwana.

Ba na gajiya da faɗin wannan: asibitin ƙanenka aka ƙera abin nan dominsa. Abin da ke ci mini rai shi ne, inda gurbi yake a yalwace can ne babu mai kuɗin faranti, inda masu kuɗin suke kuma nan ne ake turereniya.

TAMBAYA: Ɗana, Allah ya yi albarka. Ni dattijuwa ce a Unguwar Rimi. Lokacin da aka ɗaura mana dish na talabijin, yaron ya fi awa guda a sama yana juyawa yana cewa "ya kawo?" Wannan sabon kuwa ajiye shi kawai aka yi, ba ya ko motsi, alhali jikana ya ce taurarinsa gudu suke yi. Ta yaya yake bin su? Sannan idan ina magana da 'yata ta bidiyo, sai hoton ya tsaya cak na ɗan lokaci ya dawo, bayan 'yan mintuna ya sake. Mene ne?

AMSA: Amin, Hajiya, na gode. Jikanki ya yi gaskiya. Tauraron talabijin yana can nesa, kilomita 35,786, kuma a wannan nisan tafiyarsa ta yi daidai da juyawar duniya, don haka a wurinmu kamar a tsaye yake. Shi ya sa ake saita dish sau ɗaya a ɗaure ƙusa. Na intanet ɗin nan kuwa yana gudun kilomita 27,000 a awa, yana kewaye duniya cikin minti 95 ko kusa da haka. Daga ɓullowarsa inda farantinki zai iya kama shi zuwa ɓacewarsa, minti huɗu ne zuwa biyar in ya bi ta tsakiyar sama, in ta gefe ya bi bai ma kai haka ba.

Farantin ba ya juyawa ne domin abin da ke cikinsa ba kwano ba ne. Ƙananan eriya ne fiye da 1,000 a jere a kan allo. Hajiya, in kin taɓa kallon fareti a Dandalin Murtala, kin ga yadda sahun sojoji ke shan kwana: na wannan gefe ya rage taki, na wancan gefe ya buɗe ƙafa, sai sahun duka ya juya ba tare da ya karye ba. Haka eriyoyin nan ke yi. Wasu su ɗan jinkirta saƙonsu, wasu su riga, sai hasken ya karkata inda ake so, allon kuwa yana nan inda aka ajiye shi. Tauraron ma irin wannan allon ne a cikinsa, da shi yake riƙe haskensa a kan fangalinku yana tafe.

Kuma ba ya jira sai tauraro ya ɓace kafin ya nemi wani. Duk daƙiƙa 15 ake sabunta rabon, a ce wa faranti ka tsaya a kan wannan ko ka koma wancan. Masu bincike sun auna sun ga sauyin yana faɗawa a daƙiƙa ta 12, 27, 42 da 57 na kowane minti. Kamar ranar zuba kankaren rufin bene ne, kwanon kankare na tafiya hannu zuwa hannu. Muddin kowane hannu na wurinsa, ba za ki ga ya taɓa ƙasa ba.

Tsayawar hoton da kike gani, a yawancin gidajen da na je, wani abu ne ya shiga tsakani. Dish na talabijin tagar sama ɗaya tak yake buƙata. Wannan kuwa yana buƙatar sama a buɗe, faɗin digiri 100 ko fiye, domin tauraron da za a ba shi yanzu yana iya kasancewa ta gabas, na bayansa ta arewa maso yamma. Reshe ɗaya ya isa. Duk lokacin da aka haɗa ki da tauraron da zai ratsa bayan reshen nan, sai a yanke daƙiƙa biyu ko uku. Mai karanta saƙo ba zai lura ba, mai kallon fim ma ba zai lura ba don wayar ta riga ta tara na gaba. Mai magana kai tsaye irinki ce ke gani.

Na koyi wannan ne a wani gida a Badarawa, farkon zuwan abin. Da rani na ɗaura, na zaɓi gefen tankin ruwa don wayar ta yi kusa da falo, na duba sama na ga fili, sai wani mangwaro can gefe da aka yi wa sassabe. Komai lafiya har damina ta sauka. Watan Yuli maigidan ya kira ni, ya ce kullum karatun da yake bi kai tsaye sai ya yanke. Na hau, na tsaya daidai inda farantin yake, na ɗaga kai. Mangwaron ya yi sabon toho jajaye, reshe biyu sun miƙo sun leƙo saman tanki, ba su fi tsawon hannuna ba. Na buɗe taswirar manhaja, ga jan tabo nan daidai siffarsu. Laifina ne, don ban yi lissafin girman itace ba. Washegari na je Panteka aka yi mini turken ƙarfe mai tsawon mita 3 da faifan ɗaurewa, na mayar da shi ƙololuwar rufi da kuɗina. Tun ranar, kafin in huda bango sai na tambayi masu gida wace bishiya ce wannan, yaushe aka sare ta.

Ki sa jikanki ya buɗe manhajar ya duba wurin da ke nuna abin da ya tare sama. In ya ga ja, ga mai laifin nan. Amma in ya ga wani baƙin zirin da ya ratsa taswirar daga gabas zuwa yamma, kada ya tayar da hankali, wannan ba bishiya ba ce. Layin taurarin talabijin ne. Suna amfani da zango ɗaya da na intanet, kuma dokar Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta hana na ƙasa-ƙasan su dagula musu. Don haka idan tauraron intanet ya zo daidai saitin wannan layin, ba a haɗa faranti da shi, sai a ba shi wani. A Turai layin yana can ƙasa ta kudu, bai tsare musu wuri da yawa ba. A Kaduna kuwa yana kusan tsakiyar ka, wajen digiri 78 daga ƙasa, ɗan karkace kudu. Wato mafi kyawun yankin samanmu an riga an keɓe shi, farantinmu ya fi dogara da gefe da gefe, inda bishiyoyi da benaye suke. Wannan ne ya sa nake matsa wa mutane a kan tsawon turke fiye da yadda takardar cikin kwali ta nuna.

TAMBAYA: Malam, ni mai sayar da kayan sola ne a Kasuwar Barci. Masu saye suna tambayata ko ruwan sama da hazo suna hana shi aiki, da kuma wutar da yake ci.

AMSA: Ɗan'uwa, ruwa mai ƙarfi yana rage shi, wani lokaci ya ɗauke na 'yan mintuna, kamar dai yadda talabijin ke yi idan hadarin Agusta ya haɗo, tunda zangon nasu ɗaya ne. Yayyafi ba ya hana shi. Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne ya yi rauni alhali ko ɗigo babu a Kaduna. Dalili, tauraron yana sauke saƙon ne a tashar ƙasa, ta ƙasar nan kuma tana can kudu wajen Legas, a zangon da ya fi jin ruwa. In ana tafka ruwa a can sai an karkata ta wata hanya, wani lokaci ta hasken leza da ke haɗa tauraro da tauraro. Hazon hunturu bai cika taɓa shi ba, sai dai a riƙa goge ƙurar da tsumma mai laushi. Wuta kuwa, madaidaicin yana cin wat 75 zuwa 100, ƙaramin nan na jaka 25 zuwa 40. Ka yi musu lissafin batir na awa 24, don in wuta ta yanke sai ya ɗauki 'yan mintuna yana laluben sama kafin ya dawo.

TAMBAYA: Yallaɓai, ni ɗalibin injiniyan lantarki ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ɗan asalin Birnin Gwari. Tambayata biyu ce. Muna da namu tauraron NigComSat, me ya sa ba zai yi mana wannan aikin ba? Sannan a 2021 an rufe mana layukan waya. Shi ma wannan ana iya rufe shi a yanki guda, ko ya fi ƙarfin haka? Ina so in kai wa iyayena.

AMSA: Ƙanena, tambayarka ta farko tana da amsa mai sauƙi. NigComSat-1R, wanda aka harba daga Sin a Disamban 2011 ya maye gurbin na farko da ya lalace a 2008, irin na nesan nan ne, yana tsaye a digiri 42.5 gabas. Yana ba da intanet, kuma yana da fa'idar da ba a raina ta: shi kaɗai ya rufe ƙasar nan dare da rana. Matsalarsa nisa. Saƙonka ya hau, ya sauko, amsa ta hau, ta sauko, ya yi tafiyar kilomita sama da 140,000, jinkirin ya kai wajen milisakan 600, wato fiye da rabin daƙiƙa. Na ƙasa-ƙasa kuwa 'yan gomomi ne. Kuma daga wancan nisan, tsinin haske ɗaya yana rufe ɗaruruwan kilomita, jihohi da dama su ci kwano guda.

Saukowa ƙasa tana gyara duka biyun, amma da tsadarta. Tauraron da ke ƙasa-ƙasa ba ya tsayawa a saman ƙasarka. In Najeriya ta harba guda ɗaya, 'yan mintuna za mu gan shi, sauran lokacin yana saman teku da ƙasashen wasu. Kafin ka rufe Birnin Gwari awa 24 sai ka jera taurarin da za su kewaye duniya duka. Kamfanin Iridium ya yi da taurari 66 a kilomita 780, kowanne da haske 48, don wayar murya da ƙananan saƙonni, kuma kuɗin da ya ci ya durƙusar da kamfanin a 1999 kafin a farfaɗo da shi. Kamfanin OneWeb yana da sama da 600 a kilomita 1,200. Starlink ya harba 60 na farko a Mayun 2019, zuwa farkon 2025 yana da wajen 7,000. Amazon ma ya fara harba nasa a Afrilun 2025.

Tunda ɗalibi ne kai, ka lura da wannan, don nan ne ainihin karatun yake. Hanya biyu ake bi. A Iridium da OneWeb hasken a manne yake da tauraron, yana share ƙasa kamar tsintsiya yayin da tauraron ke tafiya, sai mai amfani ya riƙa tsallakawa daga haske zuwa haske. Wannan ya fi sauƙin ƙerawa, amma yana haska daji da teku daidai da yadda yake haska birni. Taurarin Iridium idan sun matso ƙarshen duniya ta arewa ko ta kudu suna haɗuwa har haskensu ya hau kan juna, sai a kashe wasu. Na OneWeb kuma sukan ɗan karkata jikinsu idan sun nufo tsakiyar duniya, don kauce wa layin taurarin talabijin da na yi wa Hajiya bayani. Hanya ta biyu ita ce ta fangali, hasken ya kafe a wuri guda a ƙasa. Ta fi wuya, amma tana ba ka damar kai ruwa inda ake ƙishi. In kana neman abin da za ka yi aikin kammala karatu a kai, ga shi nan: fangali 2,000, tocila kaɗan, buƙata na hawa da sauka da lokutan yini, wa za a ba, na tsawon wane lokaci? Kwamfutarka ta hannu ta isa ka fara kwaikwayonsa.

Tambayarka ta biyu na ji nauyinta. Na tuna watannin nan, daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021, yadda mutanen Birnin Gwari, Giwa, Chikun da wasu yankunan suke tafiya mai nisa don kawai su kira 'yan'uwa su ce muna lafiya. Gaskiyar magana, ana iya rufe shi, har ma ya fi sauƙi. Wancan karon sai da aka kashe turakun sabis. Wannan kuwa kowane faranti yana da GPS a cikinsa, yana faɗin inda yake, kuma fangali suna cikin jadawali ne a kwamfuta. A cire fangali daga jadawalin, shi ke nan, tauraron zai wuce ta samanku bai haska ba. Da haka kamfanin ke bin iyakokin ƙasashe. Nijar ga ta nan kusa, taurarin da ke bi ta samanmu su ke bi ta samanta, amma sai a 2025 aka buɗe mata a hukumance bayan gwamnatinta ta ba da izini. A nan ma da lasisin NCC yake aiki, kamar kowane kamfanin sadarwa. Abin da ya fi turken sabis da shi shi ne, ba ya dogara da dizal ɗin da za a kai daji, ko wayar faiba da za a tono a yanke a hanya.

Game da kai wa su Baba, kada ka yi rajista da adireshin ɗakinka na Kaduna sannan ka ɗauka ka tafi da shi. Rajistar gida a ɗaure take da wurin da ka rubuta, in ka yi nisa da shi tana iya ƙin aiki. Kafin ka biya ko sisi, ka shiga shafin kamfanin ka ɗora alama daidai kan gidanku a taswira, ka ga ko akwai gurbi, sannan ka yi rajistar da wannan wurin. Ka tanadi sola da batir tun daga nan. Ka kuma yi shawara da su Baba a kan inda za a kafa shi, domin a yankinku farin allo a ƙololuwar rufi yana jan idon da ba a so. Sau da yawa tsakar gida mai faɗi, nesa da darbejiya, a kan gajeren turke da katanga ta kāre shi daga waje, ta fi. Idan ka je ka tsaya a wurin, ka ɗauki hoton sama ta fuskoki huɗu ka turo wa mujalla, zan duba in gaya maka tsawon turken da za ka sa a yi maka a Panteka.